Rula a kan fata: yadda na shiga soja da tatu a jikina

Zanen tatu uku ne a jikina lokacin da na yanke shawarar shiga rundunar sojin ƙasa ta Amurka, kuma kowanne da irin shari'ar da aka yi masa. Akwai babba a hannuna na dama, daga gwiwar hannu ya sauko har kusa da wuyan hannu. Akwai ɗan tauraro a bayan hannuna na hagu, tsakanin babban yatsa da manuni. Sai wasu haruffa biyu a gefen wuya, ƙasa da kunne kaɗan. Ina kwaleji na yi su, 'yan shekaru bayan zuwana ƙasar. Maganar hukuncinsu a addini daban ce, kuma na sha ta a gida har na ƙoshi. Abin da zan ba da labari shi ne yadda soja da wurin aikina suka yi da su.

Ba aikin soja na dindindin nake nema ba. Ina da aikina a teburin karɓar baƙi na wani otal, ba na kuma son sakinsa. Ɓangaren sojojin ko-ta-kwana na nufa, waɗanda in sun gama horo suke komawa harkokinsu, su riƙa zuwa atisaye ƙarshen mako ɗaya a wata da kamar mako biyu a shekara. Mai katin zama na dindindin yana iya shiga ko bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, ni kuwa ina da shi. Sai dai da ɗan ko-ta-kwana da sojan bariki ƙa'ida ɗaya ake gindaya musu a kan sutura da kamanni, wato kundin da ake kira AR 670-1. Ba a yi maka ragi don kawai wata-wata kake sa kaki.

A farkon 2022 na je ofishin ɗaukar kurata. Sajan ɗin da na tarar dogo ne, furfura ta fara kama gefen kansa, kuma da ganinsa ya yi wa ɗaruruwan yara irin tambayoyin da zai yi mini. Ya tambayi shekaru, takardun zama, shaidar gama sakandare, ko 'yan sanda sun taɓa kama ni, ko ina shan wani magani. Daga nan ya ce in naɗe hannun riga in sassauta kwala. Bai yi mamaki ba, bai ɓata fuska ba. Aljihun tebur ya jawo, ya ɗauko rula ta roba irin ta 'yan firamare.

Ya kama hannuna na dama, ya ɗora yatsa a kan ƙashin nan da ya ɗan turo waje a wuyan hannu, ya ce, "Daga nan zuwa sama naka ne. Daga nan zuwa ƙasa namu ne." Haka dokar take a lokacin. A hannu da ƙafa da ƙirji da baya babu iyaka, ko yawa ko girma. Amma daga ƙashin wuyan hannu zuwa yatsu haramun ne, in ban da zanen zobe guda a kowane hannu. Duk abin da ya haura wuyan rigar tishat ma haramun ne: wuya, fuska, kai, cikin baki, fatar ido, kunne. Babban zanen nawa, wanda shi na fi jin tsoro don shi ne mutum ke fara gani, ya tsaya kamar faɗin yatsa kafin ƙashin. Sajan ya ce wannan ya wuce. 'Yan ƙananan biyun da ban ɗauke su a bakin komai ba su ne suka tsaya a wuya, ɗaya ma a zahiri.

Gurbin zane rabin magana ne, saura abin da zanen ke faɗa. Akwai iri huɗu da ba a yarda da su ko'ina a jiki, ko da a inda ba mai gani sai likita: na tsattsauran ra'ayi, na wariyar launin fata, na wulaƙanta jinsi, da na batsa. A cikin babban zanen nawa akwai lamba 14. Lambar rigata ce lokacin da nake buga wa makaranta ƙwallo. Sajan ya daɗe yana kallonta, ya dube ni, sai ya yi 'yar dariya ya miƙo mini takarda da biro. Ashe 14 da 88 lambobi ne da masu aƙidar fifita farar fata suke zanawa a jiki don su gane junansu. Na ce, "Sajan, dube ni dai da kyau." Ya ce ya gani, amma wanda zai karanta fayil ɗin hoton hannu kawai zai gani, kuma aikinsa ne ya tambaya. Haka na zauna, baƙar fata ɗan baƙar fata, ina rubuta bayanin cewa ba ni da alaƙa da masu ƙin baƙar fata. Na sa sunan makarantar da shekarun da na yi wasa, na sa hannu. Daga baya na kawo masa tsohon hoton ƙungiyarmu ya haɗa.

Kowane zane sai da aka ɗauke shi hoto daga nesa yadda za a ga gurbinsa a jiki, sannan daga kusa, rula na kwance a gefensa. Tauraron saura ƙiris ya cika inci ɗaya, wato kamar santimita biyu da rabi. Sajan ya rubuta. A lokacin wannan awon bai amfana mini komai ba, tunda ko ɗigo ne a bayan hannu laifi ne.

Yana cikin wannan aiki yake ba ni labarin yadda shi ma dokar ta juya shi. Ya ce a 2006, yaƙin Iraƙi na ci ana neman mutane ido rufe, aka sassauta har aka yarda da zane a hannu da bayan wuya. Da yaƙi ya lafa aka fara rage yawan sojoji, a watan Maris na 2014 sai aka tsuke: ƙasa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa kada zane ya wuce huɗu, kowanne kada ya fi tafin hannun mai shi girma, wanda ya lulluɓe hannu gaba ɗaya kuwa an hana. Waɗanda suke ciki da nasu an bar musu, amma sai da aka jera su cikin gajeren wando aka ɗauki kowane zane hoto aka sa a fayil. Da farko ma an ce ƙaramin soja mai irin wannan zane ba zai nemi zama hafsa ba, kafin a janye wannan a cikin shekarar. Sojoji suka yi ta gunaguni, kuma a watan Afrilun 2015, bayan Daniel Dailey ya zama babban saje-manjan rundunar ya zaga ya ji koke-koke, aka soke iyakar hannu da ƙafa. Sajan ya naɗe nasa hannun rigar ya nuna mini. Har wuyan hannu a cike yake.

Mafita biyu ya shimfiɗa mini. Ta farko takardar neman sassauci: a haɗa hotuna da bayani a tura sama, kwamandoji su duba, amsa na iya ɗaukar mako biyu. Ya ce na bayan hannu irin nawa, ƙarami marar wata ma'ana, yana ganin ana amincewa. Na gefen wuya ne bai ba ni fata a kansa ba, don ko an ɗaura nakatayel yana leƙowa. Ta biyu gogewa ce. Shawararsa ita ce in goge na wuya tukuna, sannan a tura na hannu shi kaɗai, kada ɗaya ya ja wa ɗaya. Ya kuma gargaɗe ni kada in je a lulluɓe haruffan da wani zanen, ko da tawada mai launin fata. Inda aka hana, an hana, ko me aka zana.

Gogewar daga aljihuna ne, tunda ban zama nasu ba tukuna, kuma ta ninka kuɗin zanawar nesa ba kusa ba. Asibitin fata na farko da na je, matar da ke wurin ko tambayata ba ta yi ba, ta ce in kwanta a fara. Na ce zan dawo, ban koma ba. A na biyun likitar ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Tawadar tatu ba a fatar sama take ba, tana shimfiɗa ta biyu, kuma ƙwayoyinta sun yi wa ƙwayoyin garkuwar jiki girma su kwashe, shi ya sa take zama shekara da shekaru. Na'urar leza ba goge ta take yi ba. Haske take harbawa mai ƙarfi cikin ƙiftawar da ba ta kai ƙiftawa ba, tawadar ta zuƙe shi ta tarwatse, jiki kuma ya riƙa kwashe ɓurɓushin a hankali. Saboda haka ne ake barin mako shida zuwa takwas tsakanin zama da zama. Ba yadda za ka yi ka gaggauta shi, ko kana da kuɗin.

Ga mai duhun fata akwai ƙarin magana, kuma duk baƙin da zai yi wannan aiki ya kamata ya san ta kafin ya kwanta. Sinadarin da ya ba fatarmu launi shi ma yana zuƙar hasken. In aka yi amfani da na'urar da ba ta dace ba, ko aka ƙure ƙarfinta, sai ta ci launin fatar tare da tawadar, a bar ka da farin tabo mai siffar zanen da kake gudu. An gudu ba a tsira ba ke nan. Likitar ta ce ga irin fatata hasken da tsawon zangonsa yake nanomita 1064 ake amfani da shi, don yana ratsa launin fata ya kai ga tawada ba tare da ya yi ɓarna sosai ba. Ta kuma ce na yi sa'a zanen baƙi ne, don baƙar tawada ta fi kowace saurin fita, kore da rawaya ne masu taurin kai. Ranar farko ɗan wuri kaɗan ta gwada a gefen harafi ɗaya, ta ce in je mu ga yadda fatar za ta amsa.

Zaman kansa ba ya daɗewa. Za a sa maka tabarau mai duhu, a shafa maganin kashe zafi, a riƙa hura iska mai sanyi a wurin. Sai ka ji tas-tas-tas, kamar fantsamar mai daga kasko, sai dai a wuri ɗaya yake sauka kuma ba halin ka janye. Ana jin ƙaurin gashi. In ta gama ta ba ka madubi, za ka ga haruffan sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari, har ka ɗauka an gama. Kafin ka isa gida farin ya baje, zanen ya dawo, wurin ya kumbura. Wani lokaci ya yi ƙuraje masu ruwa, kuma an hana ka fasawa ko sosawa. Rana ma an hana ta taɓa wurin, ga shi wuya ne. Yayana ne ya kai ni zaman farko. A mota yana ta kallon bandejin ta gefen ido, can ya ce, "Ka biya an zana, ka biya an goge. Kai dai Allah ya shirye ka." Na ce, "Amin, Yaya." Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma duk ranar zama shi ke tuna mini.

Ina tsakiyar wannan, a ƙarshen watan Yunin 2022, Sajan ya kira ni. Sakatariyar rundunar ta lokacin, Christine Wormuth, ta sa hannu a kan sabon umarni. Yanzu an yarda da zane ɗaya a kowane hannu in bai wuce inci ɗaya ba, ɗaya a bayan wuya in bai wuce inci biyu ba, ɗaya a bayan kowane kunne in bai wuce inci ɗaya ba, da na tsakanin yatsu matuƙar ba a ganinsa in an haɗe yatsun. Fuska tana nan a haramce. Rundunar ba ta ɓoye dalili ba: daga farkon shekarar zuwa watan Mayu masu ɗaukar kurata sun tura takardun neman sassauci sama da 650 a kan tatu kaɗai, kuma yaro yana jiran amsa sai ya tsallaka ofishin wata rundunar ko ya kama wani aikin. A shekarar ce kuwa suka nemi sababbin sojoji 60,000 suka gaza da kusan 15,000. In ka jera 2006 da 2014 da 2022 za ka ga ba ra'ayin manya a kan tawada ne ke canzawa ba. Layin ofishin ɗaukar kurata ne ke tsawo da gajarta.

Tauraron ya tsira nan take. Awon nan da aka yi a banza shi ya zama hujja, ba takarda ba jira. Na garzaya ofishin da zumuɗin ko na wuyan ma zai shiga cikin "bayan kunne", in huta da leza. Sajan ya sa na juya, ya lanƙwasa kunnena gaba, ya duba, ya kira wani kyaftin shi ma ya duba. Haruffan sun sauko ƙasa da inda kunne ya ƙare da kamar faɗin yatsa biyu. Ba bayan kunne suke ba, ba bayan wuya suke ba, gefen wuya ne. Da mai zanen ya ɗaga hannunsa sama kaɗan a wancan lokacin, da shi ke nan. Raina bai so ba, amma ban ga laifin kowa ba. Mutum biyu sun duba da ido da rula, sun faɗi abu ɗaya, sun nuna mini layin a rubuce. Na koma asibiti.

Sai da shekara ta juya kafin wurin ya washe. Abin da ya rage ɗan haske ne a fatar, wanda sai ka san yana nan za ka lura. Likitar ta ba ni takardar cewa an gama kuma ya warke, Sajan ya sake ɗaukar hoto, sannan ya sa mini ranar zuwa MEPS, cibiyar da ake tantance duk mai shiga aikin soja. Guda 65 ne a faɗin ƙasar, kuma duk rundunoni nan suke kai nasu. Jarabawar ASVAB, wadda ake gwada ilimin mai shiga soja da ita, na riga na yi ta, saura gwajin lafiya. Ana kwana da ku a otal, a tashe ku tun duhu, a kwashe ku a bas. Daga nan sai layi: jini, fitsari, ido, kunne, tsawo da nauyi. Sai a shigar da ku wani ɗaki rukuni-rukuni, kowa daga shi sai ɗan kamfai, a sa ku lanƙwasa gaɓoɓi, ku yi tafiya a tsugune daga bango zuwa bango. A nan ba abin da ke ɓoyuwa. Wani yaro kusa da ni bai faɗa wa sajansa wani zane da ke haƙarƙarinsa ba, wai ya manta. Zanen ba shi da aibu, da ya faɗa ba wanda zai ce uffan, amma da yake babu shi a takarda sai aka ware shi gefe a yi bincike. Mu muka wuce, shi yana zaune a benci.

Likitan da ya duba ni tsoho ne marar yawan magana. Ya bi takardata zane bayan zane. Da ya zo wuya ya kunna 'yar tocila, ya shafa wurin da babban yatsa ya ji ko akwai tudun tabo, ya karanta takardar asibiti, ya rubuta wani abu. Ya ɗaga hannuna na hagu ya kalli tauraron, ya kalli awon da ke fayil. Bai ce mini komai ba, sai "Na gaba."

A ɗakin jira ne na fahimci kowace runduna da nata layin. Sojin ruwa tun 2016 suka buɗe ƙofa, suka yarda da zane a hannu har yatsu da ɗan ƙarami a wuya, shi ya sa masu yawan tawada can suka fi nufa. Sojin kundumbala na Marine, waɗanda aka sani da tsauri, sun hana zanen da ya lulluɓe hannu a 2007, ba su dawo da shi ba sai a watan Oktoban 2021. Sojin sama sai a 2023 suka yarda da na hannu da bayan wuya. Duk wanda ke da niyya, kada ya dogara da abin da abokinsa ya gaya masa bara, ko da abin da na rubuta nan. Ya sa a buɗe masa dokar da ke aiki a ranar, ta rundunar da yake so, ya karanta da idonsa.

Da yamma muka ɗaga hannu muka yi rantsuwa. Horon farko mako goma ne, na yi shi a Fort Jackson da ke jihar Carolina ta Kudu, kuma a can ba wanda ya damu da tauraron kowa, ana ta kai. A rukunin da nake yanzu, shekara-shekara kwamanda kan sa a duba ko wani ya ƙaro sabon zane a inda aka hana. In an samu, za a zaunar da soja a karanta masa dokar, a ba shi kwana 15 ya faɗi ko zai cire ko zai gyara. In ya ƙi, maganar na iya kai wa ga sallama. Abu ɗaya kuma a fili yake a kundin: ba a yarda ka manna filasta ko ka shafa hoda ka ce ka bi doka ba.

Na ambaci filasta ne don ita ce ta tare ni da na koma otal. Littafin ƙa'idojin ma'aikatanmu jimla ɗaya ya yi a kan wannan batu, cewa ma'aikacin da ke hulɗa da baƙi ya kasance cikin kamala da tsafta. Shi ke nan. Manajan da ya ɗauke ni aiki ya ga tauraron tun ranar ganawa, bai ce komai ba, har da na wuyan ma kwala kawai ya ce in riƙa ɗagawa. Kafin in dawo daga horo an canza shi. Aikina dai yana nan, don akwai dokar tarayya ta 1994 da ta tilasta a mayar da wanda ya tafi aikin soja gurbinsa. Sabuwar manajar ta yi mini barka da dawowa, ta gode mini da hidimar ƙasa, sannan ta dubi hannuna a kan tebur ta ce daga gobe a rufe wannan. Na ce da me? Ta ce filasta mai launin fata.

Wanda ya taɓa neman filasta "mai launin fata" yana baƙi ya san abin dariyar da ke ciki. Wadda ke akwatin agajin gaggawa na otal ɗin launin fatar wasu ce. A hannuna tana haske daga ƙofar shigowa. Tauraron da ba wanda ya taɓa tanka masa ya koma abin tambaya: baƙo zai miƙo katinsa ya ce, "Me ya same ka a hannu?" Wata tsohuwa har shawarar magani ta ba ni. Ga wanke hannu da ake yi ba adadi, filastar ta jiƙe, gefenta ya naɗe ya yi baƙi. In dai tsafta ake nema, tauraron ya fi ta.

Ban yi gardama ba, na je sashen kula da ma'aikata na roƙi abu ɗaya: a rubuta mini dokar. Wane girma? Wane wuri? Wa ta shafa? Domin akwai mai kai kaya ɗakuna da zane har yatsu ba a ce masa komai ba, akwai wata a teburinmu mai fure a idon sawu da aka ce ta sa safa, wata kuma mai irinsa ba a ce mata ba. Jami'ar ta saurare ni da kyau, ta ce abin yana hannun manaja, gwargwadon yadda ta ga ya dace.

Na tambayi wata lauya ko akwai abin yi. Ta ce kusan babu. Sashe na bakwai na dokar 'yancin jama'a ta 1964 ya hana nuna bambanci a wurin aiki saboda launi, asali, jinsi, ƙasar da mutum ya fito, ko addini. Tatu ba ya ciki. Kamfani na iya ƙin ɗaukarka saboda shi, yana iya sa ka rufe shi. Ƙofa biyu kawai ta ce akwai. In zanen na ibada ne, dole kamfani ya nemi yadda zai yi da kai, kuma ta kawo misalin gidajen abinci na Red Robin, waɗanda a 2005 suka biya dala 150,000 don sasanta ƙarar da hukumar EEOC, mai yaƙi da nuna bambanci a wurin aiki, ta shigar a madadin wani ma'aikaci da aka kora saboda ya ƙi rufe rubutun addininsa da ke wuyan hannunsa. Ta biyu, in ana tsananta dokar a kan wani jinsi ko launi ana kau da kai ga wani. Tauraro na ba ibada ba ne, kuma ban ga alamar ta biyun ba. Manajar ba mugunta take yi ba, abin da idonta bai so ba ne kawai, kuma gobe in wani ya zo nasa idon ne doka.

A nan ne na ga soja, da duk tsaurinsa, ya fi sauƙin zama. Sun sa na sha leza wata da watanni, amma tun ranar farko na san inda layi yake, na san layin da aka ja mini shi aka ja wa ɗan janar. Ba na cewa kamfani ba shi da ikon tsara kamannin ma'aikatansa. Mai otal ya fi ni sanin baƙinsa, kuma akwai zanen da ni ma ba zan so in gani a hannun mai miƙo mini mabuɗin ɗaki ba. Amma ya faɗa a rubuce, kafin mutum ya karɓi aiki. Manyan kamfanoni da yawa sun yi hakan. Starbucks a 2014 ya yarda da zane a fili in ban da fuska da maƙogwaro. Disney, da aka sani da tsananin ƙa'idar kamanni, ya sassauta a 2021. Kamfanin jiragen sama na Virgin Atlantic ya bi sahu a 2022. Binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na manyan Amurkawa suna da tatu. Wanda ya ce ba zai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba, ya shirya tsayawa a teburin da kansa.

Mu huɗu muka haɗu muka rubuta takarda cikin ladabi, ba mu nemi a soke komai ba, muka nemi a fayyace. Na liƙa kwafin umarnin soja na 2022 a baya don su ga yadda ake rubuta irin wannan a shafi biyu. Ta daɗe a sama har mun fitar da rai. Da amsa ta zo, sai ga ƙarin shafi a littafin ƙa'idoji: fuska da gaban wuya an hana, zanen batsa ko na ƙiyayya an hana, abin da ke hannu ko bayan kunne an yarda in katin shaidar ma'aikaci zai iya rufe shi, wanda ya fi haka a sa dogon hannu. Manajar da kanta ta ɗora katina a kan tauraron, ya ɓace ƙarƙashinsa, ta ce in cire filastar. Babban zanen kuwa yana cikin dogon hannun riga ko ana zafi, kuma ban yi ƙorafi ba. Mai kai kaya ɗakuna ne sabon shafin ya kama, don nasa ya bi yatsu huɗu kuma kati ba ya rufe shi. Shekararsa tara a otal ɗin. An ce ya sa safar hannu kafin a yanke shawara ko dokar za ta shafi waɗanda ta tarar, kuma har yanzu da safar yake aiki.